"Alum", "Grad" Ko "Alumnus": Wacce Ce Ta Dace Da Kai?

Ƙanwata ce ta jawo wannan rubutu. Tana cike takardar neman tallafin karatu a wata jami'a ta Amurka, sai ta turo mini in duba mata kafin ta aika. Layin farko na cewa ita "alumni" ce ta jami'ar da ta gama. Na ce mata, "Ke kaɗai ɗinki kin zama taro?" Ta ce, "Yaya, ai haka kowa ke rubutawa." Gaskiyarta, kusan haka kowa ke rubutawa a nan. Da na matsa ta gyara, sai ta dawo da "alum", wai ta gani a wasiƙar da jami'ar ta turo mata. Muna ta maimaita kalmar a tsakar gida, Hajiya ta leƙo daga ɗaki ta tambaya ko ruwan randar ne ya yi laka.

Kowa a cikinsu yana da hujja, har Hajiya. Kalmomin da Turanci ke kiran wanda ya fito daga makaranta da su sun kai tara, kuma ba tagwaye ba ne. Wasu na magana a kan takardar da ka samu, wasu a kan gidan da ya rene ka, wasu kuma na nuna wa mai karatu ƙasar da ka koyi Turancinka. In ka san daga inda kowacce ta fito, zaɓin ba ya wuya.

A fara da uwar gidan, wato "alumnus". Kalmar Latin ce, daga aikatau "alere", wanda ke nufin ciyarwa da shayarwa da raino. A wurin Rumawan da, "alumnus" shi ne yaron da wani ya rena ba shi ya haife shi ba, abin da mu za mu kira ɗan riƙo. Sau da yawa ma jariri ne da aka yar, wani ya tsinta ya kai gida. Daga nan ma'anar ta miƙe ta kai ga almajirin da malami ke renon hankalinsa. Daga wannan saiwa ce "alma mater" ta tsiro, ma'ana uwa mai shayarwa. Rumawa kan yi wa wasu gumakansu mata kirari da haka, daga baya Jami'ar Bolonya ta Italiya, wadda ake ƙirga kafuwarta daga 1088, ta ɗauki "Alma Mater Studiorum" ya zama takenta, sauran jami'o'in Turai suka ara.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne Bahaushe bai buƙaci Latin ba kafin ya iso wannan wuri. Me muke cewa in makaranta ta sallami 'yan ajin ƙarshe? Bikin yaye ɗalibai. Yaye kuwa cire yaro ne daga nono. Ashe mu ma makaranta uwa muka ɗauke ta, karatu nono, kammalawa yaye. Duk wanda ya riƙe wannan hoton ya riga ya fahimci "alumnus" fiye da yawancin Turawan da ke amfani da ita: kalma ce ta dangantaka, tana faɗin nonon wa ka sha.

Akwai wani labari da ke yawo, musamman a ƙasashen da ke jin Sifaniyanci da Fotugis, wai asalin kalmar "a" ne da "lumen", wato marar haske, wai ɗalibi duhu ne sai malami ya haska shi. Labarin na da daɗin faɗa a taron yaye ɗalibai, amma ƙarya ne, masana harshe sun daɗe da watsi da shi. Abin lura na gaske a waɗannan harsuna daban ne: "alumno" a Sifaniyanci, "aluno" a Fotugis, da "alunno" a Italiyanci duk suna nufin ɗalibin da ke cikin aji yanzu. Turanci ne ya mayar da kalmar ta wanda ya riga ya fita.

Kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 17, amma a Amurka ta yi gida ta haihu. Dalilin ba na harshe ba ne, na kuɗi ne. Kwalejojin Amurka masu zaman kansu sun dogara ƙwarai da gudummawar tsofaffin ɗalibansu. A 1821 tsofaffin ɗaliban Kwalejin Williams da ke jihar Massachusetts suka kafa ƙungiya don ceto makarantarsu lokacin da take tangal-tangal, kuma ana ɗaukar ta a matsayin mafi daɗewa cikin irinta a ƙasar. Da mata suka fara samun digiri, sai aka ɗauko siffar mace, "alumna", da jam'inta "alumnae". A 1881 wasu mata masu digiri suka haɗu a birnin Boston suka kafa Association of Collegiate Alumnae, wadda a 1921 ta rikiɗe ta zama American Association of University Women.

Ga siffofi huɗu ke nan, kuma Bahaushe ne ya fi kowa cancantar iya su, domin harshenmu na rarrabe namiji da mace da jam'i a kowace jimla. "Alumnus" tsohon ɗalibi. "Alumna" tsohuwar ɗaliba. "Alumni" tsofaffin ɗalibai, maza zalla ko maza da mata a haɗe. "Alumnae" tsofaffin ɗalibai mata zalla. Wanda ya rubuta "I am an alumni" daidai yake da wanda ya miƙe a taro ya ce "ni tsofaffin ɗalibai ne". Ba mu kaɗai ke wannan kuskure ba, Amurkawa da yawa na yi, har ya fara zama jiki a baki. Amma masu tace rubutu har gobe suna jan layi a ƙarƙashinsa, kuma wanda zai karanta takardar neman tallafinka na iya zama ɗaya daga cikinsu.

Turanci kuwa ba ya son wannan wahala ta jinsi. Ƙari a kan haka, furucin ma ya rikice. Amurkawa na ƙare "alumni" da sautin "nai", su ƙare "alumnae" da sautin "ni". A Latin na asali akasin haka ne, "alumni" ke ƙarewa da "ni", "alumnae" da "nai". Saboda haka in farfesan Latin da shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai suka hau mumbari ɗaya, kowa in ya ce maza ɗan'uwansa zai ji mata.

A nan "alum" ta samu shiga. Tun a ƙarni na 19 ɗaliban Amurka suka fara datse wutsiyar kalmar, kuma wutsiyar nan ita ce ke ɗauke da duk rigimar. Kamar "Abdul" ne a wurinmu: in ka kira mutum haka ka huta da tambayar ko Abdullahi ne ko Abdulƙadir ko Abdurrahman. "Alum" na ɗaukar namiji, na ɗaukar mace, jam'inta "alums" ne kawai, babu Latin babu gardama. Shi ya sa a 'yan shekarun nan, da batun kauce wa nuna jinsi a rubutu ya yi ƙarfi a Amurka, jami'o'i da jaridu da yawa suka rungume ta. Wasu makarantun ma sun ƙirƙiro "alumnx", wadda ni dai ban taɓa jin wanda ya furta ta da baki ba tare da ya yi tuntuɓe ba, kuma ban ba kowa shawarar ɗauka ba.

To amma kamar yadda ba ka rubuta "Abdul" a fasfo, haka "alum" take. Ƙamusoshi na yi mata alamar kalmar hira. Wurinta saƙon waya, kanun labari mai neman gajarta, gaban riga, gabatar da baƙo a zaman da ba na hukuma ba. Kuma Ba'amurkiya ce gaba da baya. A Ingila ana gane ta amma ba a cika faɗar ta ba.

Sai kuma tambayar Hajiya, wadda ita ce babbar matsalar kalmar a ƙasarmu. A Turanci akwai wata "alum" ɗin, haruffa iri ɗaya, wadda ta girmi wannan da ɗaruruwan shekaru: alimun, farin dutsen nan mai ɗaure baki da wasu ke kira alif, wanda ake jefawa a ruwa ya kwantar da laka, masu aski kuma su goga a inda reza ta yanka don jini ya tsaya. Kama da wane ba ta wane. Wannan ta fito ne daga wata kalmar Latin daban, "alumen", ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci, ba ta haɗa komai da raino ko shayarwa ba. A baki ana rarrabe su: in alimun ake nufi, ana danna gaɓar farko, A-lam, in tsohon ɗalibi ne, ana danna ta biyu, a-LAM. A rubuce babu abin da zai cece ka sai jimlar da ke kewaye.

Bari in ɗan ratse, domin alimun ba ƙaramin abu ba ne a tarihi. Marinan Turai na da sun dogara da shi wajen kama launi a jikin ulu, majema ma sun buƙace shi. Shekaru aru-aru 'yan kasuwar Jenowa na Italiya ke kawo shi daga Fokaya, a gaɓar tekun ƙasar da yau ake kira Turkiyya, har Daular Usmaniyya ta karɓe garin a 1455. Wajen 1460 aka gano shi a duwatsun Tolfa kusa da birnin Rum, Fafaroma Pius na Biyu ya mayar da cinikinsa na fadarsa ita kaɗai, har aka hana Kiristoci sayen na Turkawa. Tun kafin wannan, a ƙarni na 12, masanin ƙasa al-Idrisi ya rubuta cewa ana fitar da alimun mai kyau daga Kawar, yankin Bilma a arewa maso gabashin Nijar ta yau, ana kai shi Masar da ƙasashen Magrib na arewacin Afirka. Sunan ƙarfen alminiyam ma daga "alumen" aka ciro shi, a farkon ƙarni na 19, lokacin da masanin kimiyyar nan na Ingila, Humphry Davy, ke ta gwada sunaye. Ma'aikatun ruwa har yau da ɗan'uwan wannan gishiri suke tace ruwan famfo, kuma "alum" suke kiransa.

Wannan haɗa suna da alimun ne ya sa nake ganin kalmar ba ta yi wa ɗan Nijeriya hidima a gida ba. Ba'amurke in ya ga "alum" makaranta ce ke fara zuwa masa a rai, domin bai taɓa tace ruwan rijiya ba. Mu kuwa, daga Sakkwato har Fatakwal, dutsen muka fara sani. Buga wa mutum ɗari riga mai ɗauke da sunan jami'a da "Alum" a ƙirji, ka shiga da su kasuwa, za ka ji tsokana.

Ɗaya gidan shi ne na "graduate" da ɗanta "grad". Su ma Latin ne, amma daga "gradus", wato taki ko matakala. "Graduate" shi ne wanda aka ɗora a kan mataki, aka ba shi digiri. Kalmarmu ta "daraja", wadda muka aro daga Larabci, asalinta ma matakalar bene ce, tunanin ɗaya ne. Bambancin da ke tsakanin gidajen biyu shi ne ginshiƙin duk wannan zaɓi. "Graduate" shaida ce: ka gama, an ba ka takarda. "Alumnus" zumunta ce: ka zauna a wurin, sun rene ka. Duk "graduate" na wata makaranta "alumnus" ɗinta ne, amma ba a juya maganar. Bill Gates ya bar Harvard a 1975 bai gama ba, Mark Zuckerberg ma ya bar ta bayan ya kafa Facebook a 2004. Ana iya kiran kowannensu "Harvard alum" ba a yi ƙarya ba, domin jami'o'in Amurka da yawa na lissafa duk wanda ya yi wani adadin zango a cikin tsofaffin ɗalibansu. Amma digirin da Harvard ta ba su, Gates a 2007, Zuckerberg a 2017, na girmamawa ne.

Wannan na da amfani ta fuska biyu. In ka yi shekara biyu a wata jami'a ka koma wata, kana da haƙƙin kiran kanka "alumnus" na ta farko, ba ka da haƙƙin "graduate". In kuma kai ne mai ɗaukar ma'aikata, ka ga mutum ya rubuta "alumnus" bai ambaci digiri da shekara ba, to ka tambaya. Ba lallai yana ɓoye wani abu ba, amma kalmar na da faɗin da za a iya fakewa a cikinta.

"Grad" ita ma datsattsiya ce ta ƙarni na 19, ita ma ta hira ce, amma ba ta maye gurbin "alum". Tana da ƙamshin sabunta. Ana cewa "new grad" ko "recent grad" ga wanda ya cire hular nan mai kusurwa huɗu bara ko bana, yana yawo da takardu yana neman aiki. Dattijon da ya gama shekara talatin da suka wuce, yana aika wa makarantarsa gudummawa, "alum" ya fi zama a kansa. Akwai kuma tarko: "grad student" da "grad school" a Amurka ba sa nufin wanda ya gama, suna nufin mai karatun digiri na biyu ko na uku, abin da tsarin Ingila da namu ke kira "postgraduate". Na taɓa ganin wani ya rubuta "grad student" yana nufin ya kammala digirin farko, aka yi ta tambayarsa sunan malamin da ke duba bincikensa.

Ko "graduate" ɗin kanta nauyinta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka wanda ya gama sakandare "high school graduate" ne. A Ingila kalmar ta mai digirin jami'a ce. Mu tsarin Ingila muka gada: in kamfani a Legas ko Kano ya ce yana neman "graduate", mai digiri ko babbar difloma yake nufi, wanda ya yi bautar ƙasa ko zai yi. Sai dai makarantun kuɗi sun fara narkar da kalmar, tunda yanzu ɗan shekara biyar ma ana ɗinka masa riga da hula a kira iyaye biki.

"Graduand" ba ta buƙatar dogon bayani. Wanda ya ci jarabawar ƙarshe amma ba a yi bikin ba shi digiri ba tukuna, shi ke nan. Kalmar ranar taro ce a Ingila da ƙasashen da ta rena, shi ya sa kake jin ta a bakin shugabannin jami'o'inmu. Da an watse ta daina aiki, kada ka saka ta a takardar neman aiki. Amurkawa da yawa ba su ma san ta ba.

Saura "old boy" da "old girl", waɗanda su ne muka fara sani a ƙasar nan. Gadon makarantun kwana na Ingila ne, inda wanda ya yi Eton ake ce masa "Old Etonian". A wurinmu kalmar na da kwarjini. Kwalejin Barewa, wadda ta fara a Katsina a 1921 kafin ta koma Kaduna sannan Zariya, ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta BOBA ce, "Old Boys", babu wanda zai yi mafarkin canja mata suna zuwa "alums". Makarantun da ke haɗa maza da mata sun warware matsalar jinsi ta hanyarsu da "old students", kamar yadda tsofaffin ɗaliban kwalejojin gwamnatin tarayya suka yi a USOSA. A Gana wanda ya yi Achimota "Akora" ake ce masa. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda Faransanci ke aiki, "ancien élève" ne, ko da yake "alumni" ta fara kutsawa can ma.

Ba a rubuta dokar a ko'ina ba, amma a Nijeriya rabon ya zauna: sakandare "old boys", "old girls" ko "old students", jami'a kuma "alumni". In kuna kafa ƙungiya, ku bi wannan, kada ku ƙirƙiro sabon abu. Sai dai kada ka ɗauki "old boy" ka kai wa Ba'amurke. A kunnensa tana tuna masa "old boy network", wato 'yan gata masu raba wa juna muƙamai, kuma kalmar "boy" ga baligi baƙar fata tana da mummunan tarihi a ƙasar.

Akwai fili guda da gidan "alumnus" ya mallaka shi kaɗai, babu abokin takara. Wanda ya ci tallafin Chevening na Birtaniya, ko Fulbright na Amurka, ko ya je shirin Mandela Washington Fellowship da aka fara a 2014, "alumnus" ko "alumna" na shirin ake kiransa. Ba za ka ce "graduate" ba, domin shirin bai ba ka digiri ba, in ma akwai digiri, jami'ar da ya tura ka ce ta ba ka. Manyan kamfanoni ma na kiran tsofaffin ma'aikatansu "alumni", jaridun Amurka kuma kan kira ɗan wasan da ya bar wani shirin talabijin "alum" na shirin. A nan ma'anar farko ta ɗan riƙo ta dawo sarai.

In ni ne, ga yadda zan yi. A takardar tarihin karatu da aiki ba na saka ko ɗaya daga cikinsu, zan rubuta digirin da sunan jami'ar da shekarar, su yi magana da kansu. A wasiƙar neman aiki ko gurbin karatu "graduate of" zan ce, domin abin da mai karantawa ke son tabbatarwa ke nan. A gajeren bayanin kai, irin na LinkedIn ko wanda ake karantawa kafin mutum ya gabatar da lacca, "alumnus" ga namiji, "alumna" ga mace. In ana maganar taro, "alumni", kuma ba na wahalar da kaina da "alumnae" sai in makarantar ta mata ce zalla kuma su da kansu haka suke rubutawa. "Alum" na ajiye ta ga lokacin da nake rubuta wa Amurkawa saƙon da ba na hukuma ba, ko lokacin da sunan mutum bai nuna mini namiji ne ko mace ba, wanda ke faruwa da sunayen Sin da Koriya, har da namu na gida irin su Amana ko Nasara. "Grad" kuwa, in ka wuce shekara biyu ko uku da gamawa, ka bar wa ƙannenka.

In Hausa kake rubutawa, duk wannan bai taso ba. Tsohon ɗalibi, tsohuwar ɗaliba, tsofaffin ɗalibai sun ɗauke gidan "alumnus" da na "old boy" gaba ɗaya, "wanda ya kammala" ko "mai digiri" sun ɗauke na "graduate". Na san 'yan mata ba sa son a ce musu "tsohuwar" komai, amma gidajen rediyo sun shekara da shekaru suna faɗar haka ba wanda ya kai ƙara.

Ƙanwar tawa dai ta bar "graduate of" a layin farko, ta saka "alumna" a inda take bayanin aikin sa-kai da suke yi da ƙungiyar tsofaffin ɗaliban sashensu. Hajiya kuma ba ta bar maganarta ta faɗi ƙasa ba, da la'asar ta aiki yaro ya sayo alimun na naira ɗari, ta ce tunda an ambace shi, dama ruwan kwanan nan ja yake zuwa.